Ranar da Ɗanbala Ya Kai Cakulan Gwaram

A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan, wadda har masinja ya sayi babur, babu wanda ya cika mana kunne a Birnin Kudu kamar Ɗanbala. Masinja ne a ofishin gona, amma idan ka kira shi da haka sai ya yi kamar bai ji ba. Sunan da ya raɗa wa kansa shi ne Babban Kuku, saboda ya taɓa zama a gidan wani Bature a Kaduna. Kullum da safe a teburin mai shayi na bakin tasha, mu muna tsoma burodi, shi yana dafa mana abincin Turawa da baki. Ya soya, ya gasa, ya yaryaɗa mai, har sai mai shayi ya ce, "Ɗanbala, a sauke haka nan, kada ya ƙone." Mu dai tunda muke ba mu taɓa ganin ya dafa ko ruwan zafi ba.

Ana nan sai ya faɗa neman aure. Wadda yake so Safiyatu ce, wata bazawara a Gwaram, tana zaune a gidan baffanta, Baba Sada. Aurenta na fari ba duka ne ya kashe shi ba, ba kuma yunwa ba, mita ce. Mijin kullum aka ajiye masa tuwo sai ya sami abin faɗa. Yau gishiri ya yi yawa, gobe miya ta yi ruwa, jibi tuwon bai tuƙu ba. Ta yi ta haƙuri har haƙurin ya ƙare, ta tattara kwanukanta ta dawo gida. Da ta gama idda manema suka yi ta sintiri, ta tace su saura biyu: Ɗanbala, da Manu mutumin Basirka mai garken shanu. Baba Sada ya gaji da shimfiɗa tabarma, ya ce ranar Juma'a da la'asar su biyun su zo zaurensa, ta fitar da ɗaya a gaban mutane, a wuce wurin.

Nan fa Ɗanbala ya shiga neman dabara. Son Safiyatu yake yi da gaske, wannan ko maƙiyinsa ya shaida, don idan aka ambaci sunanta har surutunsa tsayawa yake yi. Amma Manu yana da shanu, shi kuwa daga babur sai baki.

"Shanu!" in ji shi a teburin shayi, yana yatsina fuska. "Wa bai taɓa ganin saniya ba? Ni abin da zan kai mata ko a mafarki ba a taɓa ganinsa a Gwaram ba. Cakulan da ceri."

Mai shayi ya ce, "Shi Cerin ɗan wane gari ne?"

"Ɗan itace ne, kai ƙauye, ja wur da shi. Wata rana matar Baturenmu ta yi fushi, ta haɗa akwati za ta koma ƙasarsu. Baturen ya zo yana rawar murya ya ce, Ɗanbala, ka cece ni. Na shiga kicin, na daka biskit, na narka cakulan da madara na zuba a kai, na jera ceri. Aka kunna kyandir, suka zauna suna fuskantar juna, cokali ɗaya a tsakaninsu. Loma ɗaya ta yi ta fashe da kuka, ta ce a kwance akwati."

Buba direba, wanda ya san shi tun zaman Kaduna, ya ƙware da shayi har da hawaye. Amma bai tona masa asiri ba, don shi aka ba saƙon sayo kayan haɗin daga kantin Kano.

Ranar Alhamis Buba ya dawo da saƙo: cakulan a nannaɗe cikin takarda mai ƙyalli, biskit, madarar gwangwani, da wata 'yar kwalba cike da ceri. Mai hankali da gida zai wuce ya ɓoye. Ɗanbala kuwa tsakiyar tasha ya tsaya, ya ɗaga kwalbar sama rana tana dukanta.

Mai shayi ya leƙa ya ce, "Wannan ai murjani ne. Ba a ci."

"Ba a ci? Buɗe bakinka."

Mai shayi ya tauna, ya lumshe ido. Mai faci ya ce shi bai yarda ba, haɗa baki suka yi. Aka ba shi ɗaya. Mai tsire ya ce ai shi ya taɓa cin irinsa a Jos, kuma na Jos ya fi wannan girma. Ɗanbala ya ce ƙarya yake yi, ya ci ya ji bambanci. Duk wanda ya yi musu sai a cusa masa ɗaya a ce, "Ci ka ba jikokinka labari." Da mutanen tasha suka gane hanyar, sai kowa ya zama mai musu. Ni ma na yi musuna, kuma gaskiya abin da daɗi. Lokacin da Ɗanbala ya gama wayar mana da kai ya duba kwalba, ceri ɗaya ne tal yake yawo a ƙasa.

Ya daɗe yana kallonta. Can ya gyara hula ya ce, "Ba komai. Ceri ai magaryar Turawa ce da ta sami kulawa." Ya wuce kasuwa ya sayo busasshiyar magarya, ya jiƙa ta a ruwan zoɓo ta kwana. Da safe ta kumbura ta yi ja, ya ce ko Baturen da kansa sai ya sa tabarau.

Ɗanbala haya yake yi a gidan Inna Barira, wadda sana'arta dakan yaji. Duk masu tsiren garin a wurinta suke saye, kuma turminta ya sha barkono da citta da masoro tun kafin a haifi Ɗanbala. Wannan turmin ya mirgino tsakar gida da sanyin safiyar Juma'a.

Inna Barira ta ce, "Kai ɗan nan, turmin yaji ne fa. Bari in aro maka na fura a maƙwabta."

"Inna, ke da kika tsufa a gindin murhu ɗaya za ki koya mini aiki? Bature ba ya aron turmi."

"To ko wanke shi ka yi."

"Ruwa yana kashe ƙamshin biskit." Ya sa gefen zaninta da ke kan igiya ya goge bakin turmin sama-sama, ya juye biskit, ya kama daka.

Bugu kaɗan ya yi atishawa ta kama shi. Ya daka ya yi atishawa, ya yi atishawa ya daka, idanu suka yi jajur. Inna Barira ta ce, "Yarhamukallahu," har ta gaji ta ce sauran ta ba shi bashi. Shi kuwa ya ce ƙarfin biskit ɗin kanti ne, wanda bai saba ba yana iya suma.

Sai aka zo narka cakulan. Ya ce Turawa ba sa wasa da wuta, ya cusa wa murhu itace kamar za a yi tuwon suna, ya ɗora tukunya, ya watsa cakulan a ciki, ya juya baya yana yi wa matan gidan bayanin yadda ake riƙe cokali. Bai kai ƙarshen bayani ba wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe gidan. Maƙwabta suka fara faɗowa da bokitai suna salati.

"Ina gobarar?"

Inna Barira ta nuna tukunya ta ce, "Ba gobara ba ce, neman aure ne."

Ɗanbala ya juye madara duka, ya ga ba ta isa ba, ya karɓi bokitin wani ya ƙara ruwa. Hayaƙi ya lafa, amma abin da ke tukunyar ya tsinke tsululu, ƙonannen ƙanzo yana iyo a sama.

"Mu dai idan miya ta yi ruwa kuka muke ƙara mata," in ji Inna Barira.

"Kuka! A cakulan!" Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Ku ji fa jama'a. Allah ya sa Bature bai ji ki ba."

Tana shiga ɗaki ya waiga hagu da dama, ya kai hannu cikin ƙwaryar kukarta ya dumbuzo, ya kaɗa da sauri. Ya ga abin ya fara kauri, daɗi ya kama shi, ya ƙara. Inna Barira tana kallonsa ta taga, ta toshe baki da mayafi. Ya shimfiɗa dakakken biskit a sabon kwano mai murfi, ya kwarara baƙin haɗin a kai, ya jera magarya zagaye, ya ɗora ceri ɗayan nan na gaske a tsakiya.

Ta fito ta ce, "To ɗanɗana mana mu ga fuskarka."

"Babban kuku ba ya ɗanɗanawa, Inna. Da hanci yake aiki." Hancin kuwa tun wurin daka ya toshe, sai yoyo yake yi.

A gidan Bature, in ji shi, firji ake sa abin ya daskare. Nan babu firji, don haka ya naɗe kwanon da jiƙaƙƙen buhu, ya ce iskar babur za ta ƙarasa aikin. Muna idar da sallar Juma'a ya ɗaure kwano a bayan babur, ya goya wani ɗan tebur da ya aro daga ofis, ya soka kyandir a aljihu, ya kama hanyar Gwaram a tsakiyar zafin bazara.

Ranar Buba bai nemi fasinja ba. Mai shayi ya rufe tebur, mai faci ya bar taya a kwance, Inna Barira ta yafa mayafin zuwa biki ta ce ita ba za a ba ta labari ba. Muka cika mota taf. A hanya muka cim ma Ɗanbala yana ta ɗaga hannu sama yana kaɗawa, muka leƙo ta tagogi muna mayar masa da gaisuwa. Ashe ba mu yake gaisarwa ba. Kwanon ne ya fara ɗiga, ƙudan zuma suka biyo zaƙi, yana korarsu suna dawowa suna harbinsa.

Mun riga shi isa. Zauren Baba Sada ya cika da dattawan unguwa, mu kuma muka tsaya a ƙofa. Manu yana zaune cikin farar babbar riga, an kawo masa fura, wadda Safiyatu ta dama da hannunta. Ita tana bayan asabarin ƙofar cikin gida, ba a ganinta sai ƙafafunta. Manu ya kurɓa, ya juya ludayi, ya ce, "Furar ba laifi. Sai dai nonon an sirka shi da ruwa, geron kuma bai daku sosai ba. In ta zo gidana za ta koya." Dattawa suka gyaɗa kai, suka ce mai shanu ai ya san nono. Ƙafafun da ke bayan asabari suka ɗan ja baya.

Sai ga ƙarar babur. Ɗanbala ya shigo da tebur a baya, leɓensa na sama ya kumbura ya yi biyun na ƙasa, ido ɗaya ya kusa rufewa.

Baba Sada ya ce, "Subhanallahi! Haɗari ka yi?"

"A'a Baba, iska ce." Ya kafa tebur a tsakiyar zaure, ya ajiye kwano, ya zaro kyandir. Zafin aljihu ya lanƙwasa shi ya zama kamar lauje. Ya kafa shi a haka, ya ƙyasta ashana.

Wani dattijo ya ce, "Ɗana, rana fa ba ta faɗi ba."

Wani ya ce, "Ko aljanu za a kira ne? In haka ne bari in fita."

"Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba," in ji Ɗanbala. "Yanzu a kira Safiyatu ta zauna nan, ni in zauna nan. Cokali ɗaya, in ba ta a baki, ta ba ni."

Sai salati ya tashi daga bayan zaure.

"A bakin wa?" in ji Baba Sada. "A zaurena? A gaban surukanka? Kai, ka taɓa ganin macen da ta ci abinci a gaban mai neman ta? A gidan nan ko goro aka kawo sai ya bi ta bakina kafin ya shiga ciki. Buɗe mu gani."

Ɗanbala ya buɗe da alfahari. Abin bai daskare ba, bai kuma tsinke ba, yana dai rawa a cikin kwano, baƙi mai ratsin kore. Baba Sada ya yi bisimilla ya ɗebo. Cokali ya tashi, haɗin ya biyo shi, ya ɗaga hannu sama haɗin bai rabu da kwano ba, sai da ya sa yatsa ya yanke. Ya kai baki.

Ya juya shi a baki. Sai kunnuwansa suka motsa. Sai hawaye. Ya yi ƙoƙarin tauna jar abar da ke ciki don ya sami sauƙi, sai muka ji ƙas! har bakin ƙofa. Baba Sada ya tofa a tafin hannu, ga ƙwallon magarya, ga rabin haƙori.

"Turmina!" ya yi ƙara, yana nufin haƙorin da ya rage masa na cin goro. "Ruwa! Ku ba ni ruwa!"

Inna Barira ta ɗaga murya daga waje ta ce, "Nawa turmin ne ya jawo, Malam. A na yaji ya daka. Kukar ma tawa ce."

Manu ya lakato da ɗan yatsa, ya lasa, ya tofar. Ya fara lissafi a nutse: "Ya ƙone. Barkono ya yi yawa. Ga kuka. Wannan jar kuma magarya ce, awakina ma sun san ta. Wai wannan shi ne kukun Bature?"

Buba direba, wanda ya daɗe da maganar tana cin sa, ya ce, "Wane kuku? Karen Baturen yake yi wa wanka! Ta taga yake leƙen kicin."

Zaure ya kece da dariya. Dattijon da ke tsoron aljanu har da faɗuwa a kan na kusa da shi. Ɗanbala ya ce sharri ne, harshen ƙauye ne bai san abu mai kyau ba, ya fizgi cokali ya kai loma don ya ƙaryata su. Muna kallo fuskarsa ta canza. A nan ya san abin da ya dafa, kuma wallahi tausayinsa ya kama ni, don tunda na san shi ban taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba sai ranar.

Cikin dariyar nan sai murya ta fito daga bayan asabari. Safiyatu ce. Ta ce, "Baba, tunda don ni aka yi, a miƙo mini. Mutum ya taso tun daga Birnin Kudu da shi."

Baba Sada, hannu a kunci, ya yi nuni a miƙa mata. Ɗanbala ya dubi kwano, ya dubi ƙafafun da ke bayan asabari. Sai ya tsame ceri ɗayan nan na gaske, ya wanke shi tas da ruwan butar Baba Sada, ya ɗora a murfin kwano ya tura mata ta ƙarƙashin asabari. Sannan ya rungume kwanon a ƙirji ya kama ci.

"Kai, miƙa mata mana!"

"Bai isa mutum biyu ba," ya ce, yana cusa loma. Hawaye na zuba, gumi na zuba, kumburarren leɓe yana rawa. Yana haɗiyar magarya da ƙwallayenta don kada ya tsaya.

Mai shayi ya ce, "Ɗanbala, ya ɗanɗanon?"

"Da daɗi."

"Ba yaji?"

"Daidai ne."

"Ƙaurin fa?"

"Haka ake so. Da daɗi, wallahi da daɗi." Bai tsaya ba sai da ya suɗe kwanon, ya kife shi a kan tebur, ya zauna daɓas yana haki. Kyandir ya ƙarasa lanƙwashewa ya ɗiga a kan rigar Manu.

Baba Sada ya kurkure baki ya ce, "To, mun ga ikon Allah. Safiyatu, ga Manu, ga wannan. Fitar da naki mu tashi, ni haƙorina ciwo yake yi."

Manu ya gyara zama yana murmushi. Ɗanbala ya sunkuyar da kai, ya fara laluben makullin babur.

Safiyatu ta ce, "Baba, na riga na zauna da wanda ya san nono da gishiri, na ji yadda yake. Mutumin da ya cinye wannan kwanon yana cewa da daɗi, babu tuwon da zan ajiye masa ya ce bai yi ba. Ɗanbala nake so."

Inna Barira ta rangaɗa guɗa tun daga waje. Manu ya miƙe yana kankare kyandir daga rigarsa, ya ce dama tabarmar zauren ma ba ta da laushi, ya fita. Baba Sada ya ce ya amince, amma da sharaɗi biyu: Ɗanbala ya kai shi Kano a gyara masa haƙori, kuma ko bayan ransa kada a sake barin yaron nan kusa da murhu. Shi angon bai ji sharaɗi na biyu ba, don lokacin ya riga ya ruga bayan gida da buta.

Sai da ya kwana biyu bai leƙo tasha ba. Ranar da ya fito, ya rame, amma bakin yana nan. Ya zauna ya ce, "Ban gaya muku ba? Loma ɗaya!"

Mai shayi ya ce, "Ai ba ta ci ba."

"Ta ci ceri. Sauran ai ado ne."

An yi biki, ta tare a gidan Inna Barira. Inna ta ce wani lokaci da gangan Safiyatu take barin miya ba gishiri, ta ajiye masa, ta zauna ta zuba masa ido. Sai Ɗanbala ya kai loma, ya lumshe ido, ya ce ko a gidan Bature bai taɓa cin irin wannan ba. Ita kuma sai ta tashi ta shiga ɗaki tana dariya tana share hawaye, ta dawo masa da gishirin.